Cuku a Cikin Tiyo

Shekara tara ina aikin jinya a wani ɗan ɗakin shan magani a wajen Tenhya. Na karɓi haihuwa, na ɗinke wanda raƙumi ya ciza, amma tiyon nan da ake zura wa majinyaci ta hanci har ciki don a ba shi abinci, ko hannu ban taɓa kai masa ba. Da aka kira mu horon kwana uku a Tanut a kansa, mita na yi ta yi. Wa zai zo mana da tiyo a wannan dajin? Na je dai, na koya a jikin mutum-mutumin roba ina hamma.

Ko mako biyu ba a yi ba sai ga wani makiyayi, Aghali, a kan babur da rana tsaka.

"Likita Indo, taso! Tiyon babana ya toshe, tun jiya ko ruwa bai shiga cikinsa ba."

Kunya ce ta hana ni yin tsalle. Mutum na cikin wahala, ni kuwa zuciyata na rawa, ga abin da na koya ya zo har gida! Na suri babban sirinji na haye.

A hanya ya ba ni labari. Tsohon, Almustafa, ɓarin jikinsa ne ya shanye, haɗiya ta gagara, aka sa masa tiyo a birni. Kuma ya rantse ba mai sake kai shi can. In tiyon nan bai buɗe ba, yunwa ce za ta ƙarasa shi a cikin bukkarsa.

Na same shi kwance shame-shame, leɓe a bushe. Matarsa Fadimata na can gefe ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Inna, me kika ba shi?"

"Abin da ya saba, ɗiyata. Fura da dabino da cuku. Wannan ruwan kunun da likitocin birni suka ce a ba shi, ai ko ɗan akuya ba zai riƙe ba. Shekara arba'in bai ci daga hannun kowa ba sai nawa. Ga shi da hannun nawa na kashe shi."

Na so in yi faɗa, na haɗiye. Na sa Aghali ya tada uban ya jingina shi da sirdin raƙumi. Na duba alamar da ke bakin hanci, tiyo bai goce ba. Na zuƙo ruwan ɗumi a sirinji, na tura cikin tiyon a hankali. Ƙememe! Na ja, na tura, na ja. An gargaɗe mu a Tanut kada mu sa ƙarfi, hannuna kuwa sai ƙaiƙayi yake. Na bar ruwan ya jiƙa abin, na ƙirga ɗari uku gumi na zuba, na sake ja.

Sai ga ɗan farin gutsuren cuku ya biyo ruwa ya faɗo cikin sirinji. Na tura, ruwa ya wuce sulɓ!

"Ya buɗe! Wallahi ya buɗe!" Ni da kaina na rangaɗa guɗa.

Fadimata ba ta motsa ba. "Ke za ki riƙa ba shi," in ji ta. "Ni na bari."

"Inna, tsakanina da ku tafiyar awa biyu ce. Dama kunu da nono, ki kawo tsabtataccen ƙyalle."

Muka tace sau biyu har ya zama ba gudaji ko ɗaya. Na nuna mata: a zaune, a hankali, ruwa kafin, ruwa bayan. Na cika sirinji na nufi tiyon.

Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ture nawa. Ya miƙa shi can gefe, ya kamo bakin mayafin matarsa ya ja.

Na ɗora mata sirinjin a tafin hannu. Ta fara turawa a hankali.