Ruwan da Aka Hana Tambaya

"Ajiye kofin nan, Maman Abel!"

Keziah ba ta ajiye ba. Tana tsaye a bakin ɗakin Tambaya maƙwabciyarta, da kofin ruwa a hannunta. Malam Badamasi, mijin Tambaya, ya tare ƙofa.

"Malam, tun jiya take kiran ruwa."

"Wanda ya ƙone ba a ba shi ruwa. Ciwon ne zai yi ruwa ya ruɓe. Haka muka taso muka gani."

Kwana biyu ke nan da gangar turara shinkafa ta kife wa Tambaya, tun daga ciki har cinyoyi. Tare suke sana'ar a bayan gida, Keziah ce ma ta janye ta daga tafasasshen ruwan. An fasa mata ɗanyen ƙwai, an manna gashin zomo, an kwantar da ita a ganyen ayaba. Leɓenta kawai ake jiƙawa da auduga.

Daga ciki murya ta fito a shaƙe. "Maman Abel, ko rabi ne."

"Ni nake fitar da fo ɗin fitsarinta, Malam. Jiya ɗigo ne, baƙi kamar shayi. Yau ko ɗigon babu."

"Ke ba kya jin kunya?"

"Kunya? Tumatirinka ya yi kwana ɗaya ba ruwa, sai da ka ci kwalar mai buɗe ƙofar ruwan noman rani a gaban mutane. Ita fa? Ba ta kai tumatir ba?"

"Nan ba gidanki ba ne."

Maganar ta soke ta. Shekara tara suna katanga ɗaya. Ta dire kofin a kan katangar, ta fice.

Kashegari fuskar Tambaya ta kumbura, tana amai, tana kiran Keziah da sunan uwarta da ta rasu. Sai a lokacin aka sa ta a motar tumatir, Keziah ta bi su. Daga asibitin Kura aka tura su Kano.

Likitar ta duba jakar fitsarin da ba komai a ciki. "Me take sha tun da abin ya faru?"

Badamasi ya dubi ƙasa.

"Jikin da ya ƙone zubar da ruwa yake yi. In ba a mayar ba, ƙoda ce take tsayawa. Tata ta tsaya. Da ranar farko kuka zo, da ƙarin ruwa muka sa mata."

"Sai a ba ta yanzu," in ji shi da sauri.

"Yanzu ba shi da hanyar fita. Sai an yi mata wankin ƙoda."

Keziah ta ciji leɓe har ya yi jini. Haushinsa take ji, amma ta fi jin na hannunta da ya dire kofin.

Tambaya ba ta kai ga wankin ba. Ran Alhamis bayan azahar ta cika.

Da aka kawo ta gida, Badamasi ya tsaya a ƙofar Keziah, bai ɗago kai ba. "Maman Abel, ara mana bokitanki. Ruwan wanka bai isa ba."

Ta je da kanta ta ciko su taf, ta miƙa wa matan da ke ciki.

Ta zauna a gindin katanga. Kofin yana nan a sama, ya bushe. Tana jin ana kwara wa Tambaya ruwa, moɗa bayan moɗa, yana biyo rariya yana wucewa ta gefen ƙafarta.