Sallamar Cornelius Mai Ganga

Leander na biye da akwatin gawar, ƙahonsa na busa a hammata, gwiwarsa tana masa ciwo. Makaɗa na tafe a hankali da kiɗan makoki, mai ƙaramar ganga ya cusa mata hankici don muryarta ta dushe. Haka birnin New Orleans yake raka mamatansa, a tafi da kuka a dawo da rawa. Amma ba a juya kiɗan sai ƙaho ya yi kira a bakin maƙabarta.

Kiran nan ne ya hana shi sukuni. Cikin waɗanda suka naɗi faifan kiɗan jaz ɗin nan tun suna samari, wanda har gobe gidajen rediyo ba su gaji da shi ba, shi da Cornelius mai ganga kaɗai suka rage. Yau ga Cornelius a akwati. Tun a gadon asibiti ya ce masa, "Kai za ka sallame ni, tsohon banza. Kada ka bari wani ya ɓata mini tafiya."

Leander bai gaya masa ba, bai gaya wa kowa ba, tun da aka sa masa haƙoran roba leɓensa ya daina riƙe busa.

Da aka rufe kabari aka fito, Odessa shugabar makaɗan ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, nata ƙahon a hannu.

"Baba Leander, kai muke jira."

Ya ɗaga ƙahon ya hura. Iska ce kawai ta fito. Ya sake, gumi ya karyo masa. Jama'a na bayansu suna jira.

Sai kiran ya tashi a gefen kunnensa, tsaf yadda ya busa shi a faifan, har da 'yar rawar muryar nan ta ƙarshe. Odessa ce, ko kallonsa ba ta yi ba. Mai ƙaramar gangar ya zare hankici, laimomi suka tashi sama, titi ya ɗauka.

Philomene, matar mamacin, ta rungume shi tana hawaye. "Ashe har yanzu kana nan, Leander. Yau ka fita kunyar abokinka."

Ya gyaɗa kai. Taron ya ja ta, suka yi gaba da rawa.

Ya tsaya shi kaɗai jikin ƙofar ƙarfen maƙabartar, kewa ta cika masa ciki. Mutum ɗaya ne a garin nan wanda da ya ji zai gane ba busarsa ba ce, ya yi ta masa tsiya har su isa gida. Shi ne kuma suka baro a ciki.