Akwatin Tsuntsayen Marigayi

Masu ɗaukar kaya suna kici-kicin fitar da gado, Inna tana zaune a kan bokiti a tsakar gida tana kallonsu kamar kayan wata ake kwashewa. Tun da mijinta ya rasu haka take: a ba ta abinci ta ci, a ce tashi ta tashi. Da 'yarta ta ce ta komo wurinta da zama, can saman bene, sai ta ce to.

"Inna, cikin kayan Baba me za a ɗaukar miki?"

"Akwatin tsuntsaye."

Shi kaɗai ta nema. Marigayin ne ya harhaɗa shi da guntayen katako, a karkace, don bawan Allahn nan bai iya buga ƙusa ba, surutu dai ya iya. Amma ƙofar ya auna ta tsaf, 'yar mitsitsiya, yadda ƙananan masu waƙar nan kaɗai za su shiga, manya su ƙare a waje. Kullum da safe yakan watsa musu tsaba yana yi musu faɗa kamar 'yan haya.

Surukinta ya taka kujera ya zare akwatin daga katanga, ya ɗora mata a cinya. Sai ta ji motsi. Ta leƙa, ta ga ƙananan bakuna a wangale, jiki ko gashi babu.

Can sai ga uwar da tsutsa a baki. Ta sauka a kan ƙusar da aka zare akwatin daga kanta. Ta tashi ta kewaya, ta dawo kan ƙusar. Ta sake kewayawa.

"Mu tafi da su," in ji 'yar. "A rataye a baranda, ni zan riƙa ba su tsaba."

"Ba su isa cin tsaba ba. Uwarsu kuma nan ta sani."

Direba ya danna hon. Inna ta miƙe ba tare da an ce ta miƙe ba, ta taka kujerar, ta mayar da akwatin, a karkace yadda yake.

A mota 'yar ta dubi cinyar Inna, babu komai a kai.

"Inna, yanzu ba ki da komai na Baba fa."

"Na sani."

Inna ba ta ji kuka ya zo mata ba, ba ta kuma ji sanyi a ranta ba. Sai da suka kai titi ta ce, "Ki faɗa wa waɗanda za su shiga gidan, da safe ake watsa tsabar."