Hular Yaya Milo

A Orvik, da zarar tafki ya daskare, abu biyu ne ke hana mutum haukacewa: gahawar shagon Rudy da wasan hokin ƙanƙara na yaran kwalejinmu. Ramin haƙar ƙarfe ya daɗe da rufewa, rabin gidajen layinmu babu kowa a ciki, amma ranar Asabar ko allura ka jefa a zauren ƙanƙara ba za ta sami wurin faɗuwa ba. Ni da yayana Milo muna da kujeru biyu a bayan ragar gabas tun gashina yana baƙi. A kansu muke zama, a kansu muke faɗa.

Faɗanmu na wannan shekarar a kan Anders Halonen ne. Ni dai ban taɓa ganin ɗan adam yana tafiya a kan ƙanƙara kamar yaron nan ba. Sauran yara gudu suke yi, kana jin ƙarar takalmansu suna kankare fili. Shi kuwa sai ka ga yana can, ka ƙifta ido ka gan shi nan, faifai, wato ƙwallon wasan, manne a bakin sandarsa kamar da shi aka haife shi. Sau da yawa nakan manta da ihu, in tsaya baki buɗe, gahawa tana hucewa a hannuna.

A shekarar ne aka sa sunansa cikin waɗanda za a zaɓi gwarzon ɗan wasan kwalejoji na ƙasa baki ɗaya. Orvik ba ta taɓa samun wannan kyauta ba, ko ƙamshinta ba mu taɓa ji ba. Abokin takararsa wani yaro ne na wata babbar jami'a can gabas, irin masu zauren da ya fi garinmu yawan mutane. Shi ya riga ya gama wasanninsa, ya fi Halonen da ci biyu. Mu saura mana wasa ɗaya. Kowa ya san halin masu zaɓen nan, mutanen jarida ne da ba su san hanyar Orvik ba, lissafin ci kawai suke dubawa. In Halonen ya ci uku ranar Asabar, ya wuce gaba, dole su kira sunansa. In an yi kunnen doki kuwa, babbar makaranta za su ba.

"Uku fa, Yaya," na ce masa a shagon Rudy. "Uku kacal. Ka shirya hularka."

Yaya Milo ya kurɓi gahawa, ya dube ni ta saman kofi. "Hulata? Don wannan ɗan gayun? Lorna, ke kam tsufa bai ƙara miki hankali ba."

"Ɗan gayu? Mutumin da ya ɗauki garin nan a kafaɗa?"

"Mai son kansa dai. In faifai ya shiga hannunsa, ko uwarsa ce a gaban raga ba zai miƙa mata ba. Kin san ɗan wasa? Wade Skalko. Shekara huɗu yana tare harbin faifai da ƙwaurinsa, haƙoransa na gaba suna cikin kwalba a gidan uwarsa. Wannan shi ne hoki."

"Shekara huɗu ko ci ɗaya babu!" wani ya jefo daga teburin baya. "Ko kakata ta ci ɗaya a shekara huɗu, Milo."

"Kakarka ta fi ka sanin wasa, wannan gaskiya ne," in ji Yaya. Shago ya ɗauki dariya.

Maganar hula kuwa, kowa ya san al'ada. Ɗan wasa ya ci uku a wasa ɗaya, sai a cire huluna a jefa masa cikin fili, kuma wadda aka jefa ta tafi ke nan, ba a zuwa nema. Ni na yi asarar huluna sun fi a ƙirga, ban kuma taɓa nadama ba. Yaya Milo bai taɓa jefawa ba ko sau ɗaya. Hularsa koriya ce ta ulu mai rufin kunne, tun zamanin da yake aiki a rami, ta koɗe har ba a gane asalin launinta sai an faɗa maka. Ba ya cire ta a shago, ba ya cire ta a wurin biki. A coci ma sai ya zauna a layin ƙarshe, jikin bango, sannan ya zare ta. Sanƙo ne da shi tun yana saurayi, kuma yana jin kunyarsa kamar wani laifi ya aikata. Yara da yawa a garin sun girma sun yi aure ba su taɓa ganin kansa ba.

Ranar Asabar da yamma zaure ya cika har matakala. Skalko da sauran masu gama kwaleji aka fara kira ɗaya bayan ɗaya, iyayensu suka fito kan darduma aka ba su furanni, don wasansu na ƙarshe ke nan a gida. Uwar Skalko ƙaramar mace ce, da ƙyar ta kai ƙirjinsa. Yaya ya yi ta tafi har hannunsa ya yi ja.

Ba a daɗe da farawa ba Halonen ya ci na farko. Ya ratsa tsakanin mutum biyu, ya yaudari mai tsaron raga har ya kwanta, sannan ya ɗaga faifai ta samansa a hankali, kamar mai ajiye kofi a kan kanta. Na biyu a zango na biyu ya zo, daga wani lungu da ko ni da nake zaune a bayan ragar ban ga ƙofar da ya gani ba. Na riƙe hannun Yaya ina girgiza shi.

"Ka gani? Ka gani da idonka?"

"Na gani. Akwai yaro a buɗe a hagunsa, bai ba shi ba."

"Allah ya shirye ka, Yaya."

Zango na ƙarshe 'yan wasan baƙin ƙungiyar suka manne masa. Duk inda ya juya mutum biyu ne a jikinsa, suna duka, suna ja. Lokaci yana ta tafiya. Na cire hulata tun tuni na riƙe ta a cinya ina murɗawa. Can koci ya turo Skalko, ba don ya ci ba, don ya je ya tsaya a gaban mai tsaron raga ya tare masa gani, aikin da ya saba. Ya je ya kafe a wurin, ana sara masa sanda a baya, bai motsa ba. Halonen ya karɓi faifai daga nesa, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya sake shi.

Ni ban ga tafiyarsa ba. Raga kawai na ga ta motsa, jar fitilar da ke nuna an ci ta kama.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar da ta tashi ba. A ƙirji na ji ta, ba a kunne ba. Huluna suka fara sauka ta ko'ina, ja da shuɗi da ruwan toka, na yara da na tsofaffi, har hasken fitilun sama ya dusashe. Na wurga tawa da duk ƙarfina, ina kuka ina dariya. Mai sanarwa yana ta jan sunan Halonen. Na waiwaya, Yaya yana tsaye, hannunsa ɗaya dafe da hularsa kamar wani zai fizge.

Shi ne ya fara lura. "Dubi yaronki," ya ce. "Me yake yi?"

Halonen bai ɗaga hannu ba. Abokansa sun rufe shi suna bubbuga masa kai, shi kuwa yana ture su. Ya fice daga cikinsu, ya bi ta kan huluna, ya nufi alƙalin wasa. Ya yi masa magana, ya nuna Skalko da sanda. Alƙali ya girgiza kai. Ya sake magana. Alƙali ya tafi wurin tebur, shi da masu teburin suka duƙa a kan allo su uku, suna maimaita hoton. Mu ma aka nuna mana a babban allo sau da yawa. Faifai ya wuce ta gefen sandar Skalko, amma ko ya taɓa ko bai taɓa ba, babu mahalukin da zai rantse. Na ga koci ya kira Halonen, ya riƙe masa riga, yana yi masa magana a kunne. Yaron ya saurara har ƙarshe, sannan ya koma wurin alƙali.

Ana kwashe huluna da shebur mai sanarwa ya dawo, muryarsa a sanyaye. Ya ce gyara: ci na Wade Skalko ne, da taimakon Anders Halonen.

Zaure ya yi tsit, irin shirun da ake jin ƙugin injin sanyi a ƙarƙashin fili. Ni ce na fasa shi, kuma ba zan ɓoye ba, zagi na yi. "Kai wane irin wawa ne!" na ƙwala. "Wa ya tambaye ka? Wa ya gani?" Raina ya ɓaci. Kyautar da muka jira tun kafin a haife shi, tana tafin hannunsa, ya buɗe yatsu da kansa.

Skalko yana tsaye a tsakiyar fili, bakin nan mai giɓi a buɗe, yana duban sandarsa kamar ta wani ce. Sai 'yan wasanmu suka fara buga sandunansu a kan ƙanƙara, a hankali, kamar yadda suke yi in za su girmama mutum. Baƙin ma suka kama. Can sama na hango uwar Skalko ta rufe fuska da furanninta.

An share fili tas, an yi gargaɗi cewa duk wanda ya sake jefa wani abu, ƙungiyarmu za a hukunta. Alƙali ya ɗaga faifai zai saki. A daidai nan wani abu kore ya tashi daga gefena, ya haye gilashin da ya kewaye fili, ya yi juyi biyu, ya faɗi shi kaɗai a kan farar ƙanƙara.

Na juya. Yaya Milo yana tsaye, kansa a waje, fari sol yana ƙyalli kamar dafaffen ƙwai, a gaban garin Orvik gaba ɗaya. Bai rufe shi da hannu ba.

Alƙali ya dubi hular, ya dubi Yaya, ya daɗe. Sannan ya juya baya yana gyara igiyar usur ɗinsa, kamar bai ga komai ba. Halonen ya zo ya duƙa ya ɗauke ta da hannu, ba da sanda ba, ya cusa ta cikin rigarsa. Da ita a ƙirji ya ƙarasa wasan. Ya sami dama ɗaya kafin a tashi, faifai ya daki ƙarfen raga ya dawo. Mun ci wasa, shi kuma ya tsaya a biyu.

Makonnin da suka biyo baya shagon Rudy ya rabu gida biyu. Wasu suka ce faifan ya taɓa sandar Skalko, wasu suka ce tausayi ne kawai, yaro ya yi wa abokinsa kyautar ci. Aka tambayi Skalko, ya ce shi dai ana ta dukansa ta baya, bai san abin da ya ji ba. Wani ya ce ai masu zaɓe za su ji labari su ba shi don halinsa. Yaya ya ce, "Ku daina yaudarar kanku." Yana zuwa shago kullum kai a waje, kunnuwa jawur don sanyi. Na saƙa masa sabuwar hula, ya ajiye ta a aljihun mota.

Ranar da za a faɗi gwarzo, da rana ne, muka cika shagon muna kallon talabijin ɗin da ke saman kanta. Aka kira sunan yaron gabas. Rudy ya kashe talabijin. Na yi kuka, ba kaɗan ba, don har lokacin ina sa rai.

Bayan kwana biyu ƙofar shago ta buɗe, Halonen ya shigo yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga kafaɗa. Ba kayan wasa, sai na ga ashe yaro ne ƙarami, har da ƙuraje a goshi. Koriyar hular tana hannunsa. Ya zo teburinmu.

"Baba, an ce taka ce. Na kawo maka."

"Wadda aka jefa ba ta dawowa," in ji Yaya, bai ko kalle ta ba. "Ba a koya muku komai a makarantar nan?"

Ni kuwa abin da ke cina ya hana ni shiru. "Ɗana, zo nan. Tsakaninka da Allah, ya taɓa sandar Wade?"

"Ya taɓa, Anti."

"Hoto bai nuna ba."

"Ba a hoto yake ba. In na saki faifai, na san ƙararsa har ya isa raga. Wannan ya yi wani ɗan ƙas a hanya."

"A cikin wannan ihun? Mutum dubu nawa, babu wanda ya ji! Da ka yi shiru, wa zai sani?"

Ya ɗan sosa ƙeya, kamar na tambaye shi abin da ya fi ƙarfinsa. "To ai ni na ji, Anti."

Na jingina da kujerata ina dubansa. Babu wanda ya taɓa kofinsa.

Yaya Milo ya dafa tebur ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya jawo kujerarsa ta kusa da murhu, wadda ko fasto bai taɓa bar wa ba, ya juya ta wajen yaron.

"Zauna," ya ce. "Rudy, kawo masa gahawa. Kai kuma sa hular nan, kunnenka zai daskare."