Kwakwa ta Goma Sha Ɗaya

Sau uku na ɗauki biro na ajiye kafin na rubuta wannan, don Unaisi ba ta son a ambaci sunanta ko a coci.

A bayan gidan kakarta, Bubu Salote, akwai bishiyoyin kwakwa a jere. A ƙauyukan Fiji, idan cibiyar jariri ta faɗi, binne ta ake yi a dasa kwakwa a kai, don kada yaro ya tashi da rawar kai. Unaisi ta san mai kowace bishiya: ga tata, ga ta mahaifiyarta, ga ta kawunta, Momo Ilaitia, wadda ta karkace kamar mai ita. Sunaye goma take ƙirgawa, bishiyoyi kuwa goma sha ɗaya ne. Ta ƙarshen ta fi duka tsawo, kuma ba ta taɓa jin an ce ta wane ce ba.

A makon nan ne dangi za su zauna a kan gonar raken Shiu Prasad, dattijon da ke hayin rafi, wanda kakanninsa suka zo daga Indiya. Wa'adin zamansa a ƙasar dangin ya ƙare. Ko a sabunta masa, ko ya tashi da iyalinsa, har da jikar da aka haifa masa ranar Lahadi. Momo Ilaitia ya bi gida gida yana cewa Shiu vulagi ne, wato baƙo, kuma baƙo tafiya yake yi. Abin ya ɗaure wa Unaisi kai, don Shiu ya fi kawun nata iya yaren ƙauyen, har zagin shanu da shi yake yi.

Tana goga kwakwa da rana ta yi ƙarfin hali ta tambayi kakarta ta wane ce bishiya ta goma sha ɗayan. Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ce a shekarar babbar ambaliya, tana budurwa, uwar Shiu ta gudo gidan nan da tsohon ciki, a ɗakin nan ta haihu. Da cibiyar ta faɗi, babu mai ƙetare rafi, sai uwar Bubu ta binne ta yadda ta san ana yi, ta dasa wannan kwakwar a kai.

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba, Bubu?"

"Wa ya tambaye ni? Ku dai ci kuka iya."

Ranar taron, maza suka kewaye akushin yangona, jiƙon saiwar da ake sha a taron Fiji, suna sha, mata na can bakin ƙofa. 'Yan mata ba sa magana a irin wannan zama, Unaisi kuwa ko an ba ta dama muryarta ba za ta fita ba. Sai ta shigo da rarrafe, ta ajiye ɗanyar kwakwa guda gaban shugaban dangi. Ya tambayi ma'anarta. Daga bakin ƙofa Bubu Salote ta faɗi bishiyar da aka tsinko ta, da wanda cibiyarsa ke ƙarƙashi.

Momo Ilaitia ya ce shi bai taɓa jin bishiya ta sa hannu a takarda ba.

"Gaskiyarka, ɗana," in ji tsohuwar. "Idan Shiu ya tashi sai ka ɗauki addarka ka sare masa ita. Amma ka kula, saiwarta ta sarƙe da ta waccan karkatacciyar."

Dariya ta ɓarke. Ba mai sare bishiyar cibiya, kowa ya sani. Shugaban ya fasa kwakwar, ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi. Da ta iso wurin Momo Ilaitia ya daɗe yana leƙa cikinta, sannan ya sha, ya ce ba ta kai tasa zaƙi ba. Bai sa hannu ba, amma bai hana sauran ba, aka sabunta wa Shiu zama.

Washegari da sassafe Unaisi ta zaɓi kwakwa mai tsiro daga gindin ta goma sha ɗayan, ta tattare zanenta ta ƙetare rafi, tana ta maimaita wa kanta yadda za ta tambayi surukar Shiu ko cibiyar jaririyar ta faɗi.