Kaset Ɗin Da Ya Tsinke a Waziriyya

A shekarar da 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka kama mijina Gwadabe suka mayar da shi gida, ina da ciki wata biyu, ba wanda ya sani sai ni da wata mata a unguwar Khumra, nan Jidda. Umra muka zo muka yi zamanmu, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Haihuwata ta fari a ɗaki na yi ta, don marar takarda in ya shiga asibiti, daga gado sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora. Jini ya ɓalle mini, jaririn bai zo da rai ba, ni ma da ƙyar na sha. To ga wani cikin, ba miji, kuma Balarabiyar da nake wa shara ranar da ta ga ciki ranar za ta sallame ni. Matar Khumra ta ba ni ƙullin maganin zubar da ciki a leda, ta ce in jiƙa in sha da safe kafin in ci komai. Ta ƙara da cewa in wani abu ya faru, ba ta san ni ba.

Da ƙullin a jaka na biya gidan Zubaidatu a unguwar Waziriyya bayan la'asar, don na kasa zama ni kaɗai. Zubaidatu haifaffiyar Jidda ce, iyayenta Hausawan Sudan, Hausarta kamar tuwon da bai sha tuƙi ba, duk gudajin Larabci. Mijinta gyaran bidiyo yake yi. Wani ya kawo masa akwatin bidiyo da kaset maƙale a ciki, ya gyara, mai shi bai dawo ba. Mu kuwa mata biyar muka baje a tabarma, mun sa rai fim ɗin Indiya ne. Ta shida ita ce Iya Dela, tsohuwar da ke yi wa matan unguwa wankan gawa. Ta juya wa talabijin baya tana ɓarar gyaɗa, ta ce ita sanyin na'ura ya kawo ta, ba aikin banza ba.

Ba rawa, ba waƙa. Fim ɗin Turawa ne, da rubutun Larabci a ƙasa, Zubaidatu tana karantawa tana juya mana.

"Wannan bint, ya'ani yarinyar, a masna'a, masana'anta, take aiki. Tana da ciki. A zamanin mamnu'u ne, doka ta hana zubar da ciki. Likitan da ya taɓa ta, sijin, kurkuku."

Yarinyar da ƙawarta suka hau wani bene mai duhu. Wata mata ta buɗe musu ƙofa, ta ɗora tukunya tana tafasa ƙarafa, ta ƙure rediyo don kada maƙwabta su ji. Sannan ta ɗaga yatsa ta faɗi wata magana.

"Me ta ce?" in ji ɗaya daga cikinmu.

"Ta ce, in wani abu ya faru, ba ta san ta ba."

Ni da nake zaton Bature ba shi da abin tsoro a duniya, ga 'yarsa da fararen ƙafafu tana rawar ɗari a kan tebur, asibiti na bayan layinsu amma ba ta isa ta shiga ba. Ƙasa daban, yare daban, shekaru masu yawa a tsakani, kuma magana ɗaya tak da wadda aka gaya mini ɗazu. Na ji kamar wani ne ya leƙa cikin jakata ya je ya shirya fim. Can bayanmu ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya.

Yarinyar ta koma gida ta kwanta, ƙawarta ta ɗaga bargo ta duba, sai hoton ya soma rawa. Akwatin ya yi ƙara, ya tauna zaren kaset ya tsinke.

"La'ilaha! Halas, ya lalace," in ji Zubaidatu. Muka yi ta cacar baki, wata ta ce za ta warke, wata ta ce saurayin zai dawo ya kai ta asibiti.

"Ba za ta warke ba." Iya Dela ce. Ashe tuni ta juyo. "Ba ku ga leɓenta ba? Yau jini. Gobe zazzaɓi, ta ce sanyi take ji. Jibi cikin ya kumbura ya yi tauri, ta daina gane mutane. Ƙawar za ta so kiran mota, ta ji tsoron hukuma, ta ce bari a ga safiya. Safiyar ni ake kira."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta soma lanƙwasa yatsu. "Fatu ta Ruwais, mai sayar da lalle. Mastura, wadda ko wata shida ba ta yi da zuwa ba. Rabi'a 'yar Damagaram. Ta huɗun har na gama ban san sunanta ba. Duk na ce wa mutane zazzaɓi ne, kuma ban yi ƙarya ba."

Shekara uku ina wuce tsohuwar nan da farantin gyaɗarta, ina mata kallon mai mita da son banza. A ranar na ga girmanta har na kasa haɗa ido da ita. Asirin matan unguwa gaba ɗaya yana cikin waɗannan yatsun, ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba, sai yau da ta ga dalili.

Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba. "Turai, ba ni abin da ke jakarki."

"Iya, ba komai a ciki."

"'Yar nan, tun da kika shigo nake jin warinsa. Sau huɗu ina wanke warin nan daga jikin mata. Ban ce kin yi laifi ba, na san abin da ya same ki bara waccan. Amma na tsufa, ba zan wanke ki ba."

Na ba ta, na fashe da kuka, na ce in na bar cikin ya girma ma mutuwa zan yi a ɗaki. Zubaidatu ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da iƙamarta ta ajiye a cinyata.

"Ki sa niƙabi ki je mustashfa, ya'ani asibiti. Ba mai buɗe fuska. Daga yau in an ce Zubaidatu, ki ce na'am. Bas ki sani, ya ukhti, abin da kika haifa, a takarda nawa ne."

Aikin gidan Balarabiya ya kuɓuce mini kamar yadda na zata, na koma ɓarar gyaɗa kusa da Iya Dela. Ranar haihuwa jinin ya sake ɓallewa, amma a gadon asibiti nake, aka yi mini ƙarin jini, na tashi. Mace na samu, na sa mata Dela.

Yanzu shekararta goma sha bakwai. A makaranta, in an tambaye ta sunan mahaifiyarta, Zubaidatu take rubutawa. Ranar da aka ba ta kyauta a gaban iyaye, Zubaidatu aka kira ta hau ta tsaya kusa da ita. Ni ina layin baya cikin baƙi, ina tafi har hannuna ya yi zafi.