Shirun Minti Ɗaya na Don Evaristo

A garin Vallecedo, idan tsohon ɗan kulob ya rasu, coci takan yi nata ranar jana'iza, amma ainihin sallama sai ranar Lahadi a filin ƙwallo. 'Yan wasa su jeru a da'irar tsakiya da baƙin ƙyalle a damtse, mai sanarwa ya kira sunan mamacin, alƙalin wasa ya hura usur, kowa ya miƙe a yi tsit na minti ɗaya. Da tsabtar wannan shirun mutanen garin ke auna darajar mutum. Akwai wani tsohon shugaban kulob da aka yi ta tarin ganganci a nasa, har yau jikokinsa ba su gama jin kunya ba.

Don Evaristo Urdiales, kamar yadda ake kiransa da laƙabin girmamawa, ya rasu ranar Laraba. Shi ke riƙe da katin lamba ɗaya na Atlético Vallecedo, wato duk cikin masu rai ba wanda ya riga shi shiga kulob ɗin. Mutum ne da bai taɓa cin zalin kowa ba, in dai cancanta ce ya cancanci shirun da ko ƙuda ba zai gifta ba. Matsalarsa ɗaya ce a duniya, shi ya haifi Cosme.

Cosme Urdiales ɗan wasan tsakiya ne, irin wanda ba ya yawan gudu sai dai ya sa ƙwallo ta yi masa gudun. A ƙungiyar yaran Vallecedo ya taso har ya zama kyaftin, garin kuma ya so shi kamar ya haɗiye. Sai Ribadal ta saye shi, garin da ke bayan tsauni, wanda ko burodinsu mutanen Vallecedo ba sa yabawa. Da an tsaya nan da an yi gunaguni an manta. Amma a wasan ƙarshe na kakar, Vallecedo na neman kunnen doki kawai don kada ta faɗa ƙaramin rukuni, aka ba Ribadal bugun tazara, Cosme ya lanƙwaso ƙwallon ta saman katangar 'yan wasa ta shige raga. Kowa ya san abin da ɗan halak ke yi idan ya ci tsohon kulob ɗinsa: ya sunkuyar da kai, ya ɗaga tafukan hannu alamar a yafe masa. Shi kuwa Cosme sai ya zuba da gudu, hannu a buɗe, baki har kunne, a gaban mutanen da suka goya shi. Vallecedo ta faɗi, kuma har yau ba ta sake hawa ba.

Shekara ashirin ke nan. Ya yi ritaya da gwiwa ɗaya da ta lalace, ya tare can kudu bakin teku, ba ya zuwa gida sai Kirsimeti, shi ma sai ya ajiye mota a bayan layi. Uban bai taɓa yi masa maganar ƙwallon nan ba. Sukan yi hirar gwiwa, da tumatirin lambu, da sanyin bana, su yi sallama. Amma duk ranar wasa tsohon na kan kujerarsa a fili, ya sha habaici shekara da shekaru bai sauya wuri ba.

Washegarin jana'iza Cosme na zaune a kicin ɗin gidansu, yayarsa Reme tana juya ƙwai da dankali a kasko. Ita ta yi jinyar tsohon har ƙarshe. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Lahadi kada ka zo fili."

"Ubana ne, Yaya."

"Ni a bola aka tsince ni? Don ubanmu ne nake gaya maka."

"An yi shekara ashirin fa. Rabin masu zuwa kallo yanzu ba a ma haife su ba a lokacin."

"Da nonon uwa suka sha labarin." Ta ajiye cokali ta juyo, idanunta sun kumbura. "Mutum ɗaya ya isa, Cosme. Ɗaya ya gan ka ya sa yatsu a baki ya yi fito, goma su amsa, shi ke nan an ɓata wa Baba. Duk rayuwarsa a kan kujerar nan ya yi ta, ruwa da sanyi. Minti ɗaya tak zai samu, ba za a sake ba."

"To me mutane za su ce in ban zo ba? Su ce ko sallamar ubansa bai tsaya ba."

"Sun riga sun faɗi wanda ya fi wannan. Kai ka saba."

Maganar ta yi masa ciwo sosai, ya kuma rasa inda zai kama ta da ƙarya. Ya ce zai kama hanya Lahadi da hantsi. Ta zuba masa abinci, suka ci ba mai kallon wani.

Lahadi ya sa jaka a mota, ya rungumi Reme, ya fita daga gari. Bai kai gadar da ake hawa babban titi ba ya juyo. Ya yi ta gaya wa kansa zai zauna can saman benci, da hula da tabarau, wa zai gane shi da wannan tumbin da furfura? Mutum in yana son abu ba ya rasa hujja.

Da la'asar ya nufi ƙaramar ƙofar da ke bayan filin, ya ja hula har gira. Wani dogon dattijo mai rigar ma'aikatan kulob yana tsaye yana ɓare pipas, gasassun 'ya'yan furen rana, da sauran haƙoransa yana tofar da ɓawon. Anselmo ne, golan da ƙwallon nan ta wuce ta saman hannunsa, wanda suka yi shekaru suna kwana ɗaki ɗaya in an je wasan waje.

"Cire tabaran nan, kyaftin," in ji Anselmo. "Ko a buhu aka sa ka na san tafiyarka. Da kana tafiya kamar agwagwa, yanzu kamar agwagwar da mota ta buge."

"Kai ma tsufa bai yi maka kyau ba."

"Ni tun ranar da ka ci ni na tsufa." Ya miƙo masa pipas, ya rage murya. "Sannu da rashi. Mutumin kirki ne, albasa ce dai ba ta yi halin ruwa ba."

"Za ka bar ni in shiga?"

Anselmo ya tura ƙofar da ƙafa ta buɗe. "Ga hanya. Ni ba zan yi maka fito ba, haƙoran yin ma babu. Amma yaran da ke bayan raga ba zan rantse maka a kansu ba. Sun sha giya tun rana, kuma an ci mu makon jiya."

Cosme ya taka zuwa bakin ƙofar. Daga nan yana hango koren fili, da 'yan wasa suna fitowa da baƙin ƙyalle. Can gefe ya hango kujerar ubansa, an ɗora mata furanni da mayafin wuyansa mai launin kulob, Reme na tsaye kusa da ita cikin baƙaƙen kaya. Zuciyarsa ta yi ta ja shi ciki. Sai ga wasu magidanta biyu sun zo wucewa da sauri, ɗaya ya dube shi, ya sake dubawa, ya taɓo ɗan'uwansa.

"Kai, wancan ba Yahuza maci amana ba ne?"

"Wa? Haba, ba shi da wannan ƙarfin halin. Taho, za a fara."

Suka shige. Cosme ya daɗe a tsaye, sannan ya ja da baya, shi da kansa ya jawo ƙofar ya rufe.

Ya zaga bayan katangar filin, inda ake jibge kwandunan shara, ya jingina da bango ya cire hula. Lasifika ta yi ƙara, mai sanarwa ya kira sunan Don Evaristo Urdiales, mai kati lamba ɗaya, ya miƙa ta'aziyyar kulob ga 'yarsa Remedios da jikokinsa. Nan ya tsaya, bai ambaci Cosme ba. Usur ya tashi.

Filin ya ɗauke ɗif. Cosme bai taɓa jin irinsa ba, shi da ya tsaya a da'irar tsakiya don mamata da yawa. Ba tari, ba kukan yaro, sai igiyar tuta da iska ke bugawa a jikin ƙarfe. Nan kukan da bai yi a coci ba, bai yi a maƙabarta ba, ya taso masa gaba ɗaya. Ya tsorata, don bango ɗaya ne tsakaninsa da 'yan bayan raga, kuma a shiru irin wannan ko shessheƙa za a ji. Ya cusa hular a baki ya danne da hannu biyu, ƙirjinsa na tsalle. Haka ya riƙe har usur na biyu. Da tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano, sai ya zame ya zauna a ƙasa ya saki kukan.

An ɗan jima da fara wasa wayarsa ta yi ƙara. Reme ce, muryarta a dushe.

"An yi, Cosme. Tsaf, daga farko har ƙarshe. Da ka ji yadda aka yi wa Baba." Ta ja hanci. "Na gode da ka tafi. Ka kai ina?"

"Na yi nisa, Yaya."

Daidai nan wani ya buga ƙwallo ta daki turken raga, filin ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Ihun ya shigo masa ta saman bango, ya kuma shigo ta cikin waya, ya san ita ma ta ji shi ta wurinsa. Ya riƙe wayar yana jira ta ce ya shigo, ko da a ƙarshen wasa ne, ya taɓa kujerar kawai.

"To," in ji ta, "ka tuƙa a hankali."